Baƙon da Mama Lydia Ta Tsaya Wa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Mama Lydia, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba, don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Ni ce Sadiya mai ƙuli-ƙuli. A unguwarmu, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kusasu a ƙasar Birnin Gwari, an san ni da ƙuli mai daɗi, an kuma san ni da rashin yarda da mutane. Na biyun ba na jin kunyarsa. Duk wanda ya zauna a nan shekarun da suka wuce bai koyi zargi ba, to ko waliyyi ne, ko kuma akwai abin da yake samu a ciki.

Mama Lydia 'yar Gbagyi ce, gajera, kakkaura, har yau a kafaɗa take ɗaukar kaya kamar yadda uwarta ta yi. Ka miƙa mata gammo ta ce ka riƙe abinka. A nan aka haife ta, a nan ta auri Gabriel kafinta, wanda rabin ƙofofin unguwar nan aikinsa ne. Ciwon ciki ya ɗauke shi tun kafin daji ya lalace. 'Ya'yanta suna Kaduna, sun yi magiya har sun gaji a kan ta koma wurinsu, ta ce ita ba za ta iya zama a garin da ake sayen yakuwa ba.

Da mutanen daji suka matsa mana, ana tare hanya, ana ɗaukar mutane a gona, gari ya fara watsewa. Duk wanda zai tafi sai ya biyo ta gidanta ya ajiye makullinsa. Ba wanda ya naɗa ta. Na farko ya bayar, na biyu ya ga an bayar. Ta zura makullan a igiyar rama ta ɗaura a ƙugu, in tana tafe sai ka ji ta kafin ka gan ta. Aikinta shi ne kada gida ya mutu. Takan buɗe ɗakuna su sha iska, ta share tsakar gida, ta kankare gara daga jikin azara, sannan ta hura wuta da ɗanyen ganye a murhu, don hayaƙi ya kori maciji, mai hange daga nesa kuma ya ɗauka akwai mutane. Ba biyanta ake yi ba. In mai gida ya lallaɓo duba gona, ya kawo mata sabulu ko ƙullin gishiri, shi ke nan.

Mu da muka rage ba mu da yawa. Ni surukata ce ta riƙe mu, ba ta iya hawa mashin. To ga inda maganar take. An shiga gidaje, an kora awaki, an tafi da mijin ƙanwata ya daɗe a daji kafin ya dawo kamar ba shi ba. Amma Mama Lydia, tsohuwar da ke yawo gida-gida ita kaɗai, ko kaza ba a taɓa ɗaukar mata ba. Wasu suka ce addu'a ce. Wasu suka ce ba ta da abin ɗauka. Ni dai na ajiye abin a raina, kuma na san ba ni kaɗai na ajiye ba.

Da aka yi sulhu, kasuwa ta dawo ci, hanya ta buɗe, wasu suka dawo suka karɓi makullansu. Amma tsoro bai tafi ba, wuri ya sake. Da muna tsoron daji, yanzu muna tsoron wanda zai kai wa daji labarinmu, wanda ake kira infoma. Sadisu mai burodi ya taɓa saukar wani abokinsa daga Funtua. Abokin na tafiya, aka kwance shanun huɗa a gida biyu. Ba a doki Sadisu ba, ba a zage shi ba, an dai ce masa ya nemi wani garin. Har yau ba wanda ya san ko da hannunsa. Tun daga nan Mai unguwa Abdulsalam ya kafa doka: baƙo ba ya zama a unguwar nan sai ɗan gari ya tsaya masa a ƙofar zauren mai unguwa. In wani abu ya faru ta dalilinsa, wanda ya tsaya masa ya tattara ya bi shi.

Cikin gidajen da suka rage a hannun Mama Lydia, na Maikuɗi ya fi kowanne: rufin kwano, daɓen siminti, rijiya a tsakar gida, ga mangwaro mai inuwa. Maikuɗi ya buɗe shago a Kaduna, ya ce shi da ƙauye sai dai ziyara. Ya sha gaya mata a waya ta saka wani a ciki, ko haya ko aro, kada ginin ya zube. Ta yi ta nema. Wa zai zo?

Ana tsakiyar yankan dawa, wata rana da hantsi, Jaji ɗan acaba ya tsaya a ƙofarta da wani mutum a bayansa. Ina suyar ƙuli a jikin katanga. Mutum ne fes, shadda ruwan toka, gilashi a ido, takalmin da bai taɓa taka kashin shanu ba. Ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce sunansa Abdulfattah, a Abuja yake aiki, an ce masa ita ce mai makullai.

"Mama, gida nake nema na ɗan lokaci," in ji shi. "In an ba yara hutun ƙarshen shekara, ina so in kawo iyalina mu huta a ƙauye."

Sai da na tsame ƙulin da ya kusa ƙonewa. Hutu! A nan hutu shi ne ranar da zazzaɓi ya hana ka zuwa gona. Mutanen da aka haifa a garin nan suna kwana a shagon wani a Kaduna don kada su dawo, shi kuma daga Abuja zai kwaso mata da 'ya'ya ya zo shan iska.

Mama Lydia ma ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, ka san inda ka zo?"

Ya ce ya sani, wani abokin aikinsa ɗan Birnin Gwari ya tabbatar masa an samu lafiya. 'Ya'yansa mata biyu ba su taɓa ganin dawa a tsaye ba, ƙaramar ta ɗauka a cikin leda ake haifar masara. Ya riga ya duba wani gida a cikin garin Birnin Gwari, a unguwar Magajin Gari, mai tankin ruwa da wutar sola, kusa da titi. Yanzu yana so ya ga na ƙauye ya zaɓa.

"In shawara kake so, kama na gari," in ji ta. "Can akwai kemis, akwai jami'an tsaro, in yarinya ta yi zazzaɓi ga asibiti. Nan ba wuta, ruwa sai ka ja da guga, hanya kuwa ka gani da bayanka."

Ya yi dariya. "Mama, in gari nake so, ai daga gari na fito."

Na ga fuskarta ta saki. Shekara da shekaru kowa cewa yake zai tafi, yau ga wanda ya ce zai zo. Ta kwance makulli ta yi gaba. Ni kuwa na cika tire da ƙuli na bi bayansu, wai talla.

Gidan ya yi masa. Ya leƙa rijiya, ya shafa gindin mangwaro, ya ce matarsa za ta so wurin. Daga nan ya fara tambayoyi, kowacce ya yi sai zargina ya ƙaru. A ina ake samun sabis na waya? Wace rana kasuwa ke ci, kuma mutane kan tafi duka ne? Wace hanya ce ke shiga daji, mashin na bin ta? Waɗannan gidajen na kusa, akwai masu kwana a ciki? Rumbunan can manya na waye? Yana tambaya yana ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ko ni aka aiko leƙen asiri, tambayoyin da zan yi ke nan, sai dai ni zan fi shi iya ɓoyewa. Jaji ya dube ni, na dube shi. Mama Lydia kuwa amsa take bayarwa dalla-dalla kamar mai koya wa jika hanyar rafi. Ita ma ta yi masa nata tambayoyin, a kan aikinsa da iyalinsa da ranar zuwansu.

Bayan gidan Maikuɗi gonarta take, kuma a lokacin shanun Bakoji ne a kai. Bakoji Bafulatani ne, ya daɗe tare da mu. Duk shekara in ta cire amfani, sai ya kafa mashekari, wato zangon shanunsa, a gonar, shanu su ci kara su bar mata taki, ita kuma ta ba shi dawa. Shi ma an kore masa shanu a shekarun wahala, amma duk da haka in aka yi sata shi ake fara kallo, kuma ya sani. Saboda haka ba ya son baƙo, ba ya son hayaniya, ko tari yake a hankali yake yi.

Abdulfattah na ganin shanu ya nufe su da murna. Ya yi sallama, Bakoji ya amsa yana dafe da sanda.

"Masha Allah! Duk naka ne? Za su kai nawa?"

Ko a zamanin zaman lafiya ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa. Yaron goye ma a nan ya san haka. Bakoji ya kawar da kai ya ce, "Na Allah ne."

"Haka ne, haka ne. Kullum a nan suke kwana? Ina so yarana su ga tatsar nono da safe."

Bakoji ya dubi wayar da ke hannun mutumin, ya dubi Mama Lydia, ya juya ya shige cikin shanunsa.

Na ɗauka a nan za ta farka. Ina! Sai ta ce su je wurin mai unguwa. Na ja ta gefe na ce, "Mama, kin ji abin da na ji kuwa?" Ta ce, "Na ji, Sadiya. Ɗan birni ne, bai san komai ba." Na ce rashin sanin nan nasa ya yi tsari da yawa. Ta wuce ta bar ni.

Mai unguwa yana zaune a ƙofar zaure da dattawa. Ta durƙusa daga gefe ta faɗi abin da ya kawo su. Ni ina tsaye can da tirena, ba wanda ya kore ni, don kowa na son a samu mai kai labari.

"Lydia, kin san shi?" in ji mai unguwa.

"Yau na fara ganinsa, ranka ya daɗe."

"Kin san iyayensa? Kin san wanda ya san shi?"

"Ban sani ba."

"Kuma za ki tsaya masa."

"Zan tsaya. Ranka ya daɗe, na gaji da hura wutar ƙarya a gidan da ba kowa. Ina so in ji kukan yaro a gidan nan. Mutumin nan ya ce da matarsa da 'ya'yansa mata zai zo. In da mugun nufi ya zo da shi, ba zai kawo su su kwana a cikinmu ba."

Mai unguwa ya daɗe yana jan gemu. "In ya kawo su," ya ce. "To, kowa ya ji. Lydia ta tsaya masa."

Shi kuwa Abdulfattah murmushi kawai yake yi, ya ɗauka bikin maraba ake masa. Har ya roƙi a ɗauke shi hoto da mai unguwa, dattawa suka ce a bar shi tukuna. Ya hau bayan Jaji yana ɗaga mana hannu, ya ce zai yi shawara da uwargida, amma a ransa ya gama zaɓa.

Washegari da safe mata suka fita ɗiban ruwa suka tarar da gonar Mama Lydia wayam. Ba Bakoji, ba shanu, ba bukka, sai turaku da kashin shanu ɗanye. Ga kara nan ko rabi ba a ci ba.

Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. A wurinmu, Bafulatani ba ya tashi tsakiyar cin kara ba sallama sai in kunnensa ya ji wani abu. Kafin azahar unguwa ta hargitse. Masu dawa a gona suka bar yanka suka hau kwasar wadda ke ƙasa. Aka tura yara wurin dangi a Kusasu. Mijina ya kai tumakinmu gidan yayarsa. Ba wanda ya je ya ce wa Mama Lydia kanzil, amma in ta doso injin niƙa sai hira ta mutu, a matsa mata ta niƙa nata ta tafi. Tsohuwar magana ta taso, wadda kowa ya ajiye a ransa: ita me ya sa ba a taɓa taɓa ta ba?

Ta daure. Kullum tana gidan Maikuɗi, ta wanke randa, ta shafe bango da farar ƙasa, ta ɗaura sabuwar igiya a guga. In an haɗu ta ce, "Ku bari su zo, za ku gani." Duk nauyinta ta ɗora a kan zuwan nan.

Aka ba yara hutu. Sai ga Jaji ya dawo daga gari da labari, kuma bai kai mata ita kaɗai ba, a bakin masallaci ya fara saukewa. Baƙon ya iso da iyalinsa, amma gidan Magajin Gari ya kama. Jaji da kansa ya ɗauko masu tukunyar gas daga tasha.

Wannan ya fi komai muni. Baƙon da ya zauna a cikinmu, idonmu na kansa, in wuta ta tashi da shi za ta ci. Amma wanda ya zo ya leƙa, ya tambayi hanyar daji da rumbuna, ya ɗauki hotuna, ya koma inda ba ma ganinsa fa? Mai unguwa ya aika aka kira ta. Bai ɗaga murya ba, don mutum ne mai kunya, kuma Gabriel ne ya yi masa ƙofar zauren da yake zaune. Ya ce, "Lydia, maganar da kika yi a gaban mutane tana nan. Ko akuya ce ta ɓata a unguwar nan, ba ni da yadda zan yi."

Da yamma ta leƙo ta kan katanga. "Sadiya, gobe ki raka ni gari."

Na ce me ya sa ni, ga matan cocinsu.

"Su sun yarda da ni, ko suna jin kunyar su ce ba su yarda ba. Ke kuwa ba ki taɓa yarda da ni ba. In kika dawo kika faɗi abin da kika ji, za a saurara."

Maganar ta soke ni, don ban san ta sani ba. Amma gaskiya ce, kuma ban musa ba.

Jaji ya ɗauke mu mu biyu. Gidan na da get na ƙarfe da doguwar katanga mai fasassun kwalabe a kai. Muka buga. Abdulfattah ya buɗe, ya gan ta, kunya ta rufe shi. Ya ce mu shigo, ya shimfiɗa tabarma a baranda da kansa. Ga yaran nan kuwa, mata biyu, suna leƙe ta labule. Wannan dai bai yi ƙarya ba.

Mama Lydia ba ta yi dogon zance ba. Ta gaya masa abin da tsayawar nan take nufi, da tashin Bakoji, da maganar mai unguwa. Yana ji yana cire gilashi yana mayarwa. "Wallahi Mama ban sani ba," yake ta cewa. "Ni na ɗauka gaisuwa ce."

"Ba haya na zo nema ba," in ji ta. "Ku zauna a nan, gidan ya yi kyau. Abu ɗaya nake roƙo. Ku zo da yaran nan ku wuni a gidan Maikuɗi, ku ci tuwo a gindin mangwaro, mutane su gan ku. Kafin la'asar ku dawo."

Ya buɗe baki zai amsa, sai matarsa ta fito. Bushira sunanta, doguwa, mai natsuwa. Ta gaishe mu da ladabi ta zauna a bakin tabarma.

"Mama, ki yi haƙuri, ni ce na hana," in ji ta. "Da ya dawo ya ba ni labari, na tambaye shi abin da kika tambaye shi. Ya ce kin tambayi aikinsa, da yawan yaransa, da ranar da za mu taso, da ko a motarmu za mu zo."

"Don in san ɗakin da zan gyara, 'yata."

"Na yarda zai iya zama haka. Amma ki tsaya a inda nake. An ce kowa ya gudu daga garin, ke kika zauna. An ce makullin kowa na hannunki. An ce an shiga ko'ina, ban da gidanki. Ni ban san ki ba. Yaran nan su ke nan gare ni."

Na ji kamar da bakina ta yi maganar. Abin da muka yi shekaru muna ƙus-ƙus a kansa, baƙuwa ta faɗe shi a fili da rana tsaka, cikin ladabi, har da "Mama" a gaba. Kuma ba zan ce ta yi laifi ba. Da ni ce, ko get ɗin ba zan buɗe ba.

Ban taɓa ganin kafaɗun Mama Lydia sun sauka ba sai ranar. Can ta ce, "Ni ma ban san abin da ya sa suka bar ni ba."

Abdulfattah ya ce shi kaɗai zai zo, ya yi wa mai unguwa bayani. Ta girgiza kai. "Kai kaɗai ai an riga an gan ka."

Da za mu tafi ya shiga ciki ya fito da ɗan buhun shinkafa da galan ɗin mai, ya ce a ɗora a mashin, ladan wahala. Mama Lydia ta mayar da hannuwanta baya kamar an miƙo mata garwashi. In ta shiga unguwa da kayan nan, me za a ce an biya ta? Shi bai gane ba, ya tsaya riƙe da buhu yana kallonmu har muka sha kwana.

Na faɗi abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce akwai mata, akwai yara, kuma su ma tsoronmu suke ji. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce infoma ma ai yana da iyali. Ni kaina da aka tambaye ni ko na yarda da mutumin, cewa na yi ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Haka hutun nan ya wuce mata. In mashin ya yi ƙara daga yamma, sai ta fito ƙofa ta tsaya. In akuyar wani ta yi nisan kiwo, ita ke fara shiga jeji nema, tsohuwa da ita, tana kiran akuyar da ba tata ba. Ta rame. Jaji kuwa yana kawo mana labarin masu hutu: sun je kallon kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, an sayo masu rake, ƙaramar ta hau jaki an ɗauke ta hoto. Sun ji daɗin ƙauye sosai, in ji shi, daga cikin gari.

Ba abin da ya faru. Ko kaza ba ta ɓata ba. Da aka koma makaranta suka koma Abuja, sai ga Bakoji ya dawo da shanunsa. Ya je ya gaishe da mai unguwa ya ce shi ba abin da ya ji daga daji. Mutum ne ya tambayi yawan shanunsa da inda suke kwana, shi kuma ya ga in an zo an kore su shi ne a ƙasa, in kuma na wani aka kora a ce da shi aka haɗa baki. Mai unguwa ya ce magana ta wuce. A bakinsa ta wuce. A injin niƙa kuwa hira ta ci gaba da mutuwa in ta doso, don an ce wannan karon Allah ne ya tsare, wa ya san wanda za ta kawo gaba?

Ana nan, sai Jaji ya sake tsayawa a ƙofarta da wani. Saurayi ne siriri, da jaka ɗaya da katifa a naɗe. Ya ce sunansa Isaiah, malami ne, an turo shi makarantar firamaren unguwarmu, wadda ta daɗe a rufe saboda ba malamin da ke yarda ya kwana a nan. Shi ya yarda. Ɗaki ɗaya yake nema, an ce ita ce mai makullai. Ya ce in an samu har coci zai riƙa taimakawa da waƙa.

Mutane sun ɗan taru, kamar yadda aka saba in an ga baƙo. Ina jikin katanga. Ta dube shi, ta dubi katifar, ta dubi mutanen.

"Wa ka sani a garin nan?" ta ce.

"Ba kowa, Mama. Yau na zo."

"To babu ɗaki."

"An ce akwai gidaje da yawa da ba—"

"An yi maka ƙarya. Ka koma gari, can akwai haya."

Ta shiga gida ta rufe ƙofa. Yaron ya juyo yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai ce ga shago, ga zaure. Kowa ya dubi ƙasa, har da masu 'ya'ya biyar a gida ba karatu. Ya ɗaura katifarsa a mashin suka juya. An ce ya gwada zuwa daga gari kullum, hanya ta gagare shi, ya nemi a sauya masa wuri.

Washegari na je niƙa na tarar da ita a can. An matsa mata a kan benci, matar mai unguwa na ba ta labarin ciwon ƙafarta, ana ta dariya. Wata ta dafa ta ta ce, "Mama, jiya kin yi daidai." Ta ce, "Na sani."

Ni ce na fi kowa son ta koyi hankali, ga shi ta koya. Na ɗauki garina na dawo gida, raina a ɓace, na rasa wanda zan yi wa faɗa.